Rediyon mita 40 ƙirar gida a Damagaram: littafin aiki

Asabar, 4 ga Janairu

Aikin shi ne rediyo mai kamawa kawai, na zangon mita 40 na masu rediyon sha'awa, daga kilohaz 7000 zuwa 7200, iyakar abin da aka ware musu a Afirka da Turai. Maganar watsa sigina ba ta taso ba tukuna. Wannan sai da izinin ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar, da lambar kira mai farawa da 5U, kuma wanda bai iya jin tasha tsaf ba, ba shi da abin yi da na'urar watsawa.

Na ɗauki tsari mafi gajarta: siginar eriya ta gamu da ta osilata (mai haifar da sigina a cikin rediyon) a cikin mikisa (mai gauraya su), bambancinsu ya fito murya kai tsaye. Aisi (IC) biyu ke ɗauke da nauyin, SA612 a gaba, shi ne mikisa da osilata, LM386 a baya, mai ƙara ƙarfin murya. Wanda aka rubuta wa NE602 ko SA602 shi ma yana shiga, ƙafafunsu ɗaya ne. Wuta daga batir mai volt 12, 7 Ah, amma ba kai tsaye ba. Batir yana hawa har 14.4 idan yana shan caji, LM386N-1 kuwa iyakarsa 12, SA612 kuma 8. Saboda haka an sa masu daidaita wuta biyu: 7809 zai ciyar da sashen murya da volt 9, 78L06 ya ciyar da mikisa da volt 6.

Ba za a zana allo da asid ba. Allon jan ƙarfe mai santimita 10 da 15 zai zauna yadda yake, ya zama ƙasan da'irar gaba ɗaya. A yanka ƙananan murabba'ai na milimita 5 daga wani guntu, a manna su da gam, a riƙa liƙa ƙafafu a kansu. Ta haka canza abu ɗaya ba ya jawo rushe sauran.

Abin da babu a gari an ba da saƙonsa ta hannun mai kawo kaya daga Kano: SA612 biyu, zoben T50-2 huɗu na naɗa waya, kondansa NP0 (waɗanda zafi ba ya canza su), tirima (ƙananan kondansa da ake gyarawa da sukudireba) masu 60 pF. Da ladan kawowa, sefa 9,500.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kasuwar Dole. Matattun rediyo biyu a wajen masu gyara, sefa 1,500. A cikinsu akwai kondansa mai juyawa da gangarsa da zarensa, maɓallin murya mai 10 kΩ, lasifika mai 8 Ω, da ƴan kondansa masu rigar roba mai haske irin na da. LM386 biyu, 7809, 78L06, rezista da dalma 3,500. Allo 2,000.

Zoben da ake cirowa daga akwatin wutar kwamfuta, mai rawaya da fari, ba na wannan aiki ba ne duk da kamarsa da T50. An yi shi don tace wuta a ƙananan kilohaz, a megahaz 7 cinye sigina yake yi. T50-2 ja ne.

Lahadi, 12 ga Janairu

Sashen murya tukuna, don shi ne kunnen da za a gwada sauran da shi. Volt 9 a ƙafa ta 6, ƙafa ta 4 a ƙasa, ƙafa ta 5 ta bi ta 220 µF zuwa lasifika, sannan 10 Ω da 47 nF a jere daga ƙafa ta 5 zuwa ƙasa. Kondansa 10 µF tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 yana ɗaga ƙarfin daga ninki 20 zuwa 200. Ƙafa ta 5 ta nuna 4.5, rabin wuta ke nan, daidai. Idan aka taɓa ƙafa ta 3 da yatsa, lasifika ta yi ruri.

Da aka buɗe murya ta wuce rabi sai ta fara fut-fut-fut kamar injin niƙa. Dalili: duk lokacin da lasifika ta ja wuta, layin wutar yana sunkuyawa, sunkuyawar ta koma ta mashiga, a sake ninka ta 200. Abu uku suka kashe shi: 470 µF a jikin ƙafa ta 6 da gajerun ƙafafu, 10 µF daga ƙafa ta 7 zuwa ƙasa, sannan wayar ƙasa ta lasifika ta sauka kusa da ƙafa ta 4, nesa da inda maɓallin murya ya sauke tasa.

Asabar, 18 ga Janairu

Kayan Kano sun iso. SA612 a kan soket ya zauna, ba a liƙa shi ba. Kafin a haɗa masa komai an auna shi da volt 6: ƙafa ta 1 da ta 2 wajen 1.4, ta 4 da ta 5 wajen 4.8, ta 6 dab da 6, ta 7 ƙasa da ita da 0.7. A ajiye waɗannan lambobi, su ne shaidar lafiyarsa.

Lissafin bobin (naɗin waya) da kondansa ɗaya ne kullum: a raba 25330 da megahaz sau kansa, abin da ya fito shi ne µH sau pF. A 7.1 ya ba da kusan 502, wato bobin mai 2.5 µH yana son 200 pF. Bobin osilata an naɗa shi a kan tiyon PVC mai kaurin milimita 20, naɗi 11 a tsawon milimita 11, da wayar 0.5 mai fenti daga tsohuwar taransifoma. 100 pF tsakanin ƙafa ta 6 da ta 7, wani 100 pF daga ta 7 zuwa ƙasa, 220 pF ya haɗa bobin da ƙafa ta 6. Waɗannan uku a jere suna ƙara wajen 40 pF, sai aka sa 150 pF a gefen bobin, ragowar ta kondansa mai juyawa ce.

Ragowar nan ƙarama ce ƙwarai. Daga 7000 zuwa 7200 bai wuce 11 pF ba. Ɓangaren AM na kondansar rediyo ya yi girma nesa ba kusa ba, sai aka ɗauki ɓangaren FM, mai wajen 20 pF, aka jera masa 47 pF. Ko da haka rabin juyi yana cinye kilohaz 200, fiye da kilohaz ɗaya a kowane digiri, alhali muryar SSB, irin wadda masu rediyon sha'awa ke magana da ita, tana lalacewa idan an kauce da haz 100. Ganga da zaren tsohuwar rediyo sun rage saurin. Ba su isa ba, amma ana iya kama magana da haƙuri.

Sanin inda osilata take ba tare da na'urar ƙirga ba: a kusanto da rediyon gajeren zango, a bi mita 41 a hankali, inda shuuu ya ɗauke nan take. Wannan kusa-kusa ne. Don daidai, kiristal 3.579545 na tsohuwar wayar tarho ta tebur, da taransisto BC547 guda, sun zama alama: ninkinsa na biyu yana faɗowa a 7159. Idan an juyo kansa ana jin fito yana sauka, ya ɓace, ya sake hawa. Inda ya ɓace nan ne 7159. Da farko alamar ta fito a can ƙarshen juyi. Buɗa naɗi biyu na sama da farce ya kawo ta inda ake so, wajen kashi huɗu cikin biyar na hanya.

Tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5 an sa 22 nF. Kowace tana da 1.5 kΩ a ciki, don haka yana yanke abin da ya haura haz 2400. Mai son Mos (saƙon gajeren fito da dogo) kaɗai ya sa 47 nF, yankan ya sauko kusa da 1100.

Asabar, 25 ga Janairu

Eriya mai hannu biyu. 143 a raba da 7.1 ya ba da mita 20.1, kowane hannu 10 da ɗoriya. An yanka 10.3 aka lanƙwasa bakin, don waya mai riga takan so gajarta kaɗan, kuma ragewa ta fi ƙari sauƙi ranar da aka sami abin aunawa. Wayar gida ce mai 1.5. Tsakiya a kan gora a saman soro, mita 7 daga ƙasa, hannu ɗaya zuwa bishiyar dogon yaro, ɗaya zuwa katanga, gabas da yamma, don gefenta ya fuskanci Turai da Najeriya. A wannan tsayi, kashi ɗaya cikin shida na tsawon igiyar siginar, yawancin abin da take ji daga sama yake sauka, abin da ya dace da tashoshin kusa.

Saukowa da wayar parabol, RG-6 mai 75 Ω, don ita ce ke ko'ina kuma ta dace da wannan eriya. Sai dai saƙarta alminiyom ce, dalma ba ta kama ta ko an kwana ana gasawa. A sa mata kan F mai murɗawa, a liƙa waya a jikin soket ɗinsa. An naɗe mahaɗin da robar tayar keke sannan tef, saboda ƙura yanzu, ruwa kuma nan gaba.

Waya mita 22, RG-6 mita 15, kawuna da igiya: 8,500.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ya yi magana. Bayan isha'i Mos a ƙasan zango, tsakanin 7000 da 7040, sama kuma muryoyi da Italiyanci da Sifaniyanci, daga nisan kilomita 3,000 ko fiye. A 7074 akwai kukan FT8, saƙon da kwamfutoci ke aika wa juna ta rediyo, yana ɗaukewa yana dawowa kowane daƙiƙa 15, alama ta biyu ke nan kyauta.

Matsala: daga magariba wata tashar watsa labarai tana zaune a bayan komai. Duk inda aka juya tana nan, ba ta matsawa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Tashar da ba ta matsawa ba ta hanyar osilata take shigowa ba. Manyan tashoshin mita 41 suna farawa daga 7200, katanga ɗaya da mu, kuma da dare ƙarfinsu yana cika mikisa har ya fitar da muryarsu da kansa. SA612 yana da kunne amma ba shi da ƙashi.

An yi filta mai ɗaki biyu: T50-2 biyu, kowane naɗi 22, wato 2.37 µH, da 180 pF da tirima, 4.7 pF ya haɗa kawunansu. Naɗi 3 a ɓangaren eriya, naɗi 6 a ɗaya ɓangaren, bakinsa biyu a ƙafa ta 1 da ta 2 ba tare da an kai ko ɗaya ƙasa ba. Zoben biyu a gicciye, kada su ji juna. Filtar ta kori tashoshin mita 49 da 31, amma wadda ke 7205 ko 7250 ta yi kusa da yawa, babu bobin da zai raba mu da ita.

Abin da ya yi aiki shi ne maɓalli mai 1 kΩ a bakin eriya. Idan aka rage siginar da rabi, tashar da ake nema ta ragu da rabi, mai kutsen kuwa ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, don ita da ninkin kanta take fitowa. Da dare ana rage eriya a ƙara murya. Da rana a buɗe duka.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Gyaran tirima a 7100 kawai, da sukudireban roba. Na ƙarfe yana ja da wurin.

Talata, 11 ga Fabrairu

Hazo mai kauri da iska tun jiya. Da safe lasifika tana ƙas, ƙas, ƙas a jere, tana sauri idan iska ta taso. Kan F yana cizon yatsa. Zuwa azahar rediyo ya yi shiru, sai shuuu na LM386. Awo: ƙafa ta 1 ta faɗi ƙasa da rabin volt, ta 4 da ta 5 sun rabu da juna. SA612 ya tafi.

Busasshiyar iska mai ƙura tana goga waya mai mita 20 tana tara mata caji. Rediyon batir ba shi da wata hanya zuwa ƙasa, don haka cajin yana taruwa a eriya da allo gaba ɗaya har ya sami inda zai yi tsalle, kuma tartsatsin yana bi ta filta zuwa mashigar aisi. Yawancin zanen da ake samu a intanet an yi su ne a ƙasashe masu laima, shi ya sa ba sa nuna komai a wannan wuri. A nan kuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, wannan kariya tana cikin da'irar kamar yadda batir yake ciki.

Abin da aka yi. Bututun ƙarfe mai mita 1.5 an kafa shi a bakin makwarara, inda ruwan wanke-wanke ke jiƙa ƙasa kullum. Sauran tsakar gidan yashi ne busasshe, ƙarƙashinsa dutse, ƙarfe a wurin ado ne kawai. Saƙar RG-6 ta haɗu da bututun da waya mai kauri tun kafin ta shiga ɗaki. Daga tsakiyar wayar zuwa saƙa an sa 100 kΩ mai wat 2, don ko an cire rediyo cajin ya sami hanyar zurarewa. Sigina ba ta san da shi ba, ya fi 75 Ω sau dubu da wani abu. Sai diyod 1N4148 biyu, kai da ƙafa, daga layin sigina zuwa ƙasa.

Wurin diyod ɗin yana da muhimmanci. A bakin eriya, da dare, manyan tashoshi suna kusa da buɗe su, sai su zama mikisa na biyu, zango ya cika da fito da muryoyin da babu su. An mayar da su bayan maɓallin 1 kΩ, abin ya wuce.

SA612 na biyu ya hau soket, lambobinsa sun yi daidai da na 18 ga Janairu. Bututu da waya 2,500. Babu sauran na ajiya, don haka in ba a sauraro, eriya a cire take.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Farautar hayaniya, da ƙaramin rediyo a matsakaicin zango inda babu tasha, ana bin ɗaki-ɗaki. Cajar waya mai arha ita ce ta farko, ana jin ta daga mita uku. Ƙwan LED ɗaya cikin na gidan. Sai na'urar cajin sola, mai yanka wuta tana saki: zzz ɗinta yana tashi idan batir ya kusa cika, ya mutu da faɗuwar rana. Yanzu batirin rediyo ana sauke shi daga sola kafin a kunna.

An gwada ciyar da rediyon daga adaftar kuran, ruri ya hana jin komai, kuma ƙarin kondansa bai taɓa shi ba. Ba daga tacewa ba ne. Siginar osilata ce ke fita ta waya, diyod ɗin adafta su yi mata ado da haz 50, ta dawo ta eriya. Irin wannan rediyo da batir ya dace.

Ragowar hayaniyar unguwa tana hawa ta bayan saƙar RG-6. Naɗi 12 na wayar kanta a kan tiyo mai milimita 110, dab da eriya, ya rage ta yadda kunne ke ganewa. Kada a matse naɗin a ƙaramin tiyo: farin soson da ke ciki yana laushi a rana, wayar tsakiya ta matso ta taɓa saƙa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Zamewar osilata. An kama tasha, kafin mai magana ya gama gaisuwa muryarsa ta canza. An auna da alamar 7159 da manhajar waya mai nuna haz ɗin sauti. Minti 20 na farko bayan kunnawa, haz 900. Daga asuba, ɗaki yana digiri 17, zuwa la'asar yana 31, wajen kilohaz 6, kullum ƙasa yake yi idan zafi ya ƙaru. Fiye da haz 400 ke nan a kowane digiri.

Ba abin mamaki ba ne idan aka duba lissafi. A cikin 200 pF, canjin 1 pF kaɗai yana matsar da osilata kusan kilohaz 18. Tiyon PVC yana buɗewa da zafi, bobin ya ƙaru. Kondansar FM mai ganyen roba ita ma tana motsi. Ko hannu aka kawo kusa ana jin fito ya karkata.

An sake naɗa bobin a kan kwalbar gilashi ƙarama, waya a ɗame, aka shafe ta da farin jan farce. Kakin kyandir da wasu ke zubawa ba zai yi ba, a akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano zai saki a watan Afrilu. An raba 150 pF gida biyu, 100 na NP0, 47 na mai rigar roba, wanda ke raguwa da zafi yana biyan abin da bobin ya ƙara. An rufe sashen da gwangwanin madara da aka liƙa a allo. Zamewar yini ta sauko kusa da kilohaz 2, kuma bayan rabin awa da dare yana zama a kan magana ɗaya har a gama ta.

Don sauraron murya wannan ya wadatar, kuma duk mai son ya fahimci rediyo ya kamata ya yi wannan kokawa sau ɗaya da hannunsa. Amma FT8 sautukansa haz 6.25 ne tsakaninsu, ga bazara tana tafe da digiri 40 da ɗoriya. An ba da saƙon Si5351 (aisin da zai maye gurbin osilata), Arduino Nano (ƙaramar kwamfutar da za ta sarrafa shi), maɓallin enkoda na juya lamba da allon rubutu mai layi biyu: 14,000.

Asabar, 1 ga Maris

Jiran kaya. An ɗaure igiyar hannun yamma da ta saki.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya mayar da aikin bayan asham. Si5351 da allon rubutu suna kan layi ɗaya, A4 da A5 na Nano, adireshinsu 0x60 da 0x27. Wasu allunan 0x3F ne, idan bai nuna komai ba a fara duba nan. Enkoda a D2 da D3, kowace ƙafa da 10 nF zuwa ƙasa, in ba haka ba lamba tana tsallake. Taki uku: haz 10, 100 da 1000.

An cire kondansa uku na osilata, ƙafa ta 7 ta zauna haka. Si5351 yana fitar da wajen volt 3, SA612 kuwa 0.2 zuwa 0.3 yake so a ƙafa ta 6. 1 kΩ a jere, 100 Ω zuwa ƙasa, sai 10 nF zuwa ƙafar. Siginar mai kusurwa ce, tana ɗauke da ninki na uku, don haka mikisa yana iya jin megahaz 21 ma. Filta mai ɗaki biyu ta tare wannan.

Sabuwar hayaniya: tik a lasifika duk lokacin da aka rubuta wa allo. Nano ya sami nasa 7805 kai tsaye daga batir, da guntun alminiyom a bayansa don yana ɗumi. Wayoyin A4 da A5 sun gajarta sun bar kusa da LM386, kuma shirin da ke cikin Nano ba ya rubutu sai lamba ta canza. Saura ɗan tik lokacin juyawa kawai.

Cin wuta ya tashi daga wajen 15 mA zuwa 90. Rabin batirin 7 Ah zai kai awa 35 da wani abu.

Asabar, 15 ga Maris

Daidaita lamba. Kiristal 25 MHz na Si5351 ba ya zuwa cif. Manyan tashoshin da suka dame mu su ne ma'auni, don suna zama a kan lambobi masu ƙarewa da 0 ko 5. A kan wadda ke 7250, fito bai ɓace ba sai da allo ya kauce da haz 140. 140 a raba da 7,250,000 ya ba da kashi 19,300 cikin biliyan, wannan lamba ake ba shirin. Idan tazarar ta ninka maimakon ta ɓace, a juya lambar, daga ƙari zuwa ragi.

A 7074, waya a jikin lasifika da manhajar FT8CN, agogo a daidaita shi cikin daƙiƙa ɗaya. Lambobin kira masu farawa da I, EA, F da DL sun cika allo. Murabba'inmu a taswirar masu rediyo JK43 ne, da shi manhajar ke lissafa nisa. Wannan tsari yana jin gefe biyu na osilata lokaci ɗaya, saboda haka abin da ke tsakanin 7071 da 7074 yana faɗowa a kan FT8, raunanan tashoshi suna ɓacewa a ciki. Maganinsa sai mikisa biyu ko filtar kiristal, wani aikin ne daban.

Asabar, 22 ga Maris

Akwati daga masu aikin kwano, 2,000, da katanga a tsakiya: Nano da allon rubutu a gaba, filta da mikisa a baya. Ramukan iska a ƙasa da baya, an rufe su da gidan sauro na ƙarfe. Jimillar kuɗi ban da batir, sefa 43,500. Tsohuwar osilata ta koma nata allo, za ta yi aikin gwajin filta.

Na gaba: filta ta biyu don mita 20, 14000 zuwa 14350, wanda ke buɗewa da rana lokacin da mita 40 ke kwance, da makunni mai zaɓa tsakaninsu. Rezista 20 masu 1 kΩ, wat 2, a haɗe gefe da gefe su ba da 50 Ω, don gwajin na'urar watsawa ba tare da eriya ba idan takardun izini sun fito. Kafin hadarin Yuni kuma a fitar da mahaɗin RG-6 waje kusa da bututun ƙasa, yadda za a cire shi daga tsakar gida, don 100 kΩ da diyod biyu ba sa tare tsawa. A saƙon Kano mai zuwa: SA612 biyu na ajiya, T50-6 huɗu.